Kabarin Salihu a Kanton

Halimatu Sadiya ta daɗe tana zuwa China saro kaya, amma mahaifinta bai taɓa tambayarta yadda ƙasar take ba. Idan ta dawo Maraɗi ta je gaishe shi, sai ya ce, "Iya, an dawo lafiya? Ya hanya?" Daga nan ya mai da kansa kan keken ɗinki. Iya yake ce mata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci.

Abin da ta sani game da mahaifin nata, Maidaji tela, bai taka kara ya karya ba. Ta san ya yi zaman kurkuku kafin a haife ta. Ta san ba shi da farce ko ɗaya a ƙafarsa ta hagu. Kuma tana tuna ranar da wata yarinya a lakwal, wato makarantar boko, ta kira ta 'yar ɗan Sawaba, ta dawo gida tana kuka ba tare da ta san ma'anar zagin ba. Uwarta ta share mata hawaye, ta ce kada ta kuskura ta maimaita kalmar a gaban babanta. Ba ta maimaita ba har ta girma ta yi aure ta haihu.

A bazarar 2008 ta kawo masa sabon keken ɗinki. Ana kwance kwalin a tsakar gida sai idonsa ya faɗa kan rubutun da ke gefe. Ya saka tabarau, ya bi haruffan da yatsa.

"Iya, wannan daga wane gari?"

"Daga Gwanju, Baba, inda nake zuwa."

"A nan Kanton aka rubuta."

"Ai duk ɗaya ne. Sunan da Turawa suka san shi da shi ke nan tun da."

Maidaji ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya daɗe yana duban kwalin, har yaran da suka taru kallon keken suka gaji suka watse. Sannan ya ce, "Ashe duk shekarun nan inda ƙanena yake kwance kike zuwa kina dawowa."

Ranar ce ta fara jin cewa baffanta Salihu, wanda aka ce mata ya rasu a tafiya tun yana saurayi, a wannan garin aka binne shi. Ranar ce kuma mahaifinta, wanda bai taɓa roƙonta ko allura ba, ya ce ta tafi da shi in za ta koma. Ya ce idanunsa sun fara yin hazo, yana so ya ga kabarin kafin su rufe.

Shekarar ba ta tafiya ba ce. China na shirin wasannin Olamfik, biza ta yi wuya, waɗanda suka saba samun ta wata uku sai a ba su ta 'yan makonni. Da ƙyar Ussif ya aiko musu da takardar gayyata. Ussif mutumin zangon Nima ne a Akara, yana da sito a unguwar Sanyuwanli ta Gwanju, shi ke loda wa Sadiya kaya a kwantena tun farkon zuwanta.

Suka sauka cikin watan Yuli, gari ya yi zafi mai danƙo, iska kamar tururin tukunya. Ko'ina tutoci da zoben wasanni, ko'ina 'yan sanda a bakin gada da ƙofar jirgin ƙasa. A masaukin da Sadiya ta saba sauka, yarinyar da ke kan tebur ta dubi fasfo ɗinsu ta girgiza kai.

"Meyo," in ji ta, wato babu. Ta nuna da hannu cewa an hana su karɓar baƙi daga waje sai bayan wasanni.

Sadiya na shirin ɗaukar jaka sai ta ji muryar mahaifinta yana magana da yarinyar cikin harshen China, a hankali, yana jan kalmomin. Yarinyar ta buɗe ido, sannan ta rufe baki da hannu tana dariya, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta ji.

"Baba, me ka ce mata?"

"Na ce, tongji, daga nesa muka zo. Tongji shi ne kamarad. Da shi ake buɗe magana."

Da Ussif ya zo ya kwashe su zuwa wani ɗaki da ke saman sitonsa, ya ji labarin, ya yi murmushi. Ya ce, "Baba, an daina wannan. Yanzu kowa lawban ne, wato maigida. Mai shago lawban, mai saye lawban. Amma a ina ka koyi yaren mutanen nan?"

Maidaji bai amsa ba sai washegari, suna cin tuwon shinkafa da miyar kuɓewa da Ussif ya sa aka kawo daga wurin wata 'yar Gana. Ya wanke hannu, ya jingina da kwalayen takalma, ya fara. Ussif yake duba, amma Sadiya ta san don ita yake faɗa.

"Lokacin duniya gida biyu take, kowane gida na neman wanda zai tura gaba. Faransa ta ce ta ba mu mulki, amma sojanta na nan, mutanenta ke kan kujera. Jam'iyyarmu Sawaba aka hana ta, manya suka gudu waje, ƙanana aka cika kurkuku da su. Mu 'yan tasha ne da teloli da mahauta. Kwaminisanci ko sunan ba mu iya faɗa daidai ba. Abin da muka sani shi ne jandarma na dukanmu a kasuwa, kuma an ce akwai ƙasashen da ke son talaka, za su taimake mu."

Ya ce shi ya tafi ne don fushi. Salihu kuwa, wanda ya gama firamare kuma yake son inji kamar ransa, ya bi shi ne don an ce a waje ana ba da karatun kanikanci kyauta. Suka sulale ta Kano, suka kai Akara, daga can aka sa su a jirgi. A wani gari mai sanyi da ake kira Nankin suka yi watanni ana koya musu kwance bindiga da haɗa ta, da dasa nakiya, da yadda ake magana da manoma. Karatun inji bai zo ba. An ce sai bayan nasara.

"Babana ya sha faɗa mana," in ji Ussif. "Ya ce akwai 'yan Nijar da gwamnatinmu ta lokacin ke ajiyewa a wani sansani bayan gari, sukan shigo zango sallar Juma'a, ba sa magana da kowa."

"Mu ne," in ji Maidaji.

A hanyar dawowa ne, a nan Kanton, zazzaɓi ya kwantar da Salihu. Aka kai shi asibiti, aka bar shi a hannun tafintansu, wani Musulmin China mai suna Ma wanda ya iya Faransanci. Sauran aka ce su wuce, ranar da aka tsayar ba ta ɗaguwa. A Akara Maidaji ya kafe, ya ce ba zai tsallaka iyaka ba sai ƙanensa ya iso. Bayan 'yan kwanaki shugaban ƙungiyarsu ya kira shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce waya ta zo daga China, Salihu ya cika, an yi masa sutura an binne shi a maƙabartar Musulmin Kanton. Labarin ya kai har gida wurin uwarsu.

"Sai na ɗauki bindigata. Bayan damina ta sittin da huɗu muka shiga ta Dahome. An tabbatar mana talakawa na jira, da mun harba ɗaya za su tashi gaba ɗaya. Sun tashi kuwa, amma da kwari da baka, ana buga musu ganga. An riga an gaya musu mun zo ƙwace gonaki da hana salla. Jirgin Faransa na shawagi a sama yana nuna inda muke. A gonar gero aka kama ni, na yi kwanaki ina cin ɗanyen hatsi. Waɗanda aka kama mu tare an harbe su a fili ranar kasuwa, har 'yan lakwal aka jero su kalla. Ni aka tura ni arewa, cikin hamada, sai da soja suka karɓi mulki a saba'in da huɗu na fito."

Ya dubi ƙafarsa. "Faransa ba ta rasa mutum ko ɗaya ba. China ma haka. Shekarar da na fito ma suka ƙulla zumunci da gwamnatinmu, daga baya suka zo suka gina mana filin ƙwallo a Yamai."

Sadiya ta kwashe kwanuka ta fita baranda. Ƙasa ana ta tura kaya a baro, ana ɗaure kwalaye da salatef. Ta tsaya har hawayen suka bushe kafin ta koma.

Ranar Juma'a suka tafi masallacin da ke kusa da tsohuwar maƙabartar Musulmi, inda 'yan kasuwar Afirka ke cika. Bayan salla suka shiga tsakanin kaburbura ƙarƙashin manyan itatuwa. Duwatsun sun yi gansakuka, rubutun rabi Larabci rabi na China. Maidaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana goge dutse da hannun riga, Sadiya na karanta masa inda idonsa ya gaza. Akwai Larabawa, akwai Farisawa, akwai mutanen gari. Babu Salihu, babu ma wani kabari na shekarun da yake nema.

A bakin ƙofa wasu tsofaffi masu fararen huluna na zaune a benci suna fifita. Maidaji ya yi musu sallama, ya haɗa guntayen kalmomin da suka rage masa. Ussif ya cike sauran da nasa yaren na kasuwa. Da aka ambaci Ma, tsofaffin suka yi dariya, suka ce rabin masallacin nan sunansu Ma. Amma da aka ce wanda ya iya Faransanci kuma ya yi wa baƙin gwamnati tafinta, ɗaya daga cikinsu ya daina fifita. Ya ce ya san wani, ya daɗe bai fito salla ba, jikinsa ya shanye. Ya karɓi lambar Ussif ya ce zai tambayi iyalin.

Suka zauna jira. Sadiya ta ci gaba da sayayya, ba don hankalinta na kai ba, sai don kwantena ba ta jiran kowa. Tana tafiya da mahaifinta duk inda za ta, tana ajiye shi a kujerar shago. Wata ranar da hantsi, suna fitowa daga kasuwar tufafi, suka tarar an tare bakin titi ana duba takardun baƙi. Duk baƙar fata an tsayar da shi gefe. Fasfonsu na wurin Ussif, ya tafi da su yi musu rajistar masauki. Sadiya ta kira shi, ya ce ga shi nan tafe, sai dai hanya ta cushe.

Wani ɗan sanda mai ƙuruciya ya nuna musu jikin bango su jira. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa kowa ba. Sadiya ta juya za ta ce wa mahaifinta ya jingina, sai ta gan shi a tsugune, gwiwoyi a ƙirji, hannaye biyu haɗe a ƙeya, kai a sunkuye. Babu wanda ya ce ya yi haka. Samarin Najeriya da ke tsaye suna gardama suka juyo suna dubansa.

"Baba, tashi. Ba su ce ka tsuguna ba."

Bai ji ta ba. Ta tsuguna a gabansa, ta kama hannayensa tana ƙoƙarin raba su, ta ji sun sandare kamar itace. Ɗan sandan ma ya rikice, ya kawo kujerar roba ya ajiye, yana magana yana nuna ta. Maidaji bai ɗaga kai ba sai da Ussif ya iso, aka duba fasfo aka ce su tafi. A tasi ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Haka ake ƙirga mu a kurkuku, safe da yamma."

Kwana biyu bayan haka aka kira Ussif, aka ce Malam Ma zai gan su.

Gidan yana cikin wani tsohon bene a unguwar Baiyun, ana hawa ta matakala mai duhu da warin kifi busasshe. Matarsa ce ta buɗe, 'yar tsohuwa da ɗankwali. Malam Ma na zaune a kujerar gora kusa da taga, ɓarin jikinsa ba ya motsi, yatsun hannunsa mai lafiyar ma a karkace suke. Ya daɗe yana duban Maidaji. Sannan ya yi magana da Faransanci, irin na littafi, baki a karkace amma kalmomin na fita.

"Kai ne babban. Mai ɗinki. Kai ke gyara musu wanduna."

"Ni ne, Malam."

"An ce mana kun mutu duka."

"Saura kaɗan."

Aka kawo shayi. Sadiya ta zauna a gefe, Faransancinta na lakwal ya ishe ta bin maganar. Maidaji bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce ya zo ne a nuna masa inda aka sa ƙanensa, ya duba maƙabarta bai gani ba.

Malam Ma ya dubi matarsa, ya sake duban Maidaji. "Yaushe aka ce maka ya rasu?"

"Kafin mu tsallaka. Sittin da huɗu."

Malam Ma ya rufe ido. Da ya buɗe ya ce, "Salihu bai mutu a asibiti ba. Ya warke. Ni na fito da shi da hannuna, ya rame amma yana tafiya da ƙafarsa. Babu wata waya da aka buga daga nan. In an gaya maka haka, a can aka shirya maganar."

Maidaji ya miƙa wa Sadiya kofin shayinsa. Ta karɓe ta ajiye.

Malam Ma ya ci gaba a hankali, yana hutawa tsakanin jimloli. Ya ce an ajiye Salihu a gidan baƙi ana jiran a tura shi ya bi 'yan'uwansa. Sai labari ya zo cewa an murƙushe su. Ofishin da ke kula da su ya sanar cewa babu wanda ya tsira daga ƙungiyar, shi Ma aka sa ya fassara wa yaron. Salihu ya yi kwanaki bai ci abinci ba. Daga baya aka yi juyin mulki a Gana, hanyar da ta rage ta toshe. Ba shi da fasfo na gaskiya, ƙasarsa kuma in ya koma igiya ce ke jiransa. Masu gayyatar ma sun daina tambaya a kansa, hankalinsu ya koma wasu yaƙe-yaƙe a wasu wurare.

"Ya koyi yarenmu sosai. Duk Juma'a yakan zo gidanmu, mahaifiyata ta dafa masa taliya da naman sa. Shi ya gyara mata agogon bango, ya gyara keken maƙwabcinmu. Yana yawan zancen uwarsa. Ya rubuta mata sau da yawa, ban sani ba ko an taɓa fitar da ko ɗaya daga ofishin."

"Ba ta samu ba," in ji Maidaji.

"Sai namu bala'in ya zo." Malam Ma ya ɗaga karkatattun yatsunsa kaɗan. "Shekarun da ɗalibai suka tashi da sunan juyin juya hali. Wanda ya iya harshen waje ɗan leƙen asiri ne, wanda ke salla maƙiyi ne, ni kuwa na haɗa biyun. Aka rufe masallatai. Aka kai ni ƙauye kiwon aladu, na yi shekaru. Abin da ya biyo baya ba a gabana aka yi ba, ita ta sani."

Matar ta yi magana da yarensu, mijin na fassarawa. Lokacin ita maƙwabciyarsu ce, budurwa. Ta ce da aka rufe gidan baƙin, an kai Salihu wata gonar rake ta gwamnati a kudancin gari, wajen bakin teku. Sau ɗaya ya samu ya zo, cikin sanyi, yana tari, ya tarar an liƙe ƙofar gidan su Ma da takarda. Ita ta ba shi dafaffen dankali ta bayan gida. Cikin sanyin sittin da tara wani ma'aikacin gonar ya zo da labarin cewa baƙon nan ya mutu. Mahaifiyar Ma, duk da halin da take ciki, ta hau jirgin ruwa ta je ta roƙi gawar don a yi mata wanka. Aka ce mata an riga an gama da shi.

"An gama da shi kamar yaya?" in ji Maidaji.

Malam Ma bai fassara tambayar ba. Ya ce, "A shekarun nan ba a binne kowa, ƙonawa ake yi. Mahaifina ma ban san inda tokarsa take ba."

Ana jiyo ƙarar talabijin ɗin maƙwabta ana ta tallar wasanni. Maidaji ya miƙe da ƙyar, ya je ya durƙusa gaban kujerar gora, ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Ya ce da Hausa, "Allah ya jiƙan mahaifiyarka." Sannan ya maimaita da Larabci yadda ya iya. Malam Ma ya ce amin. Da za su fita matar ta cusa wa Sadiya ledar lemo a hannu, ta ƙi karɓar komai.

Maidaji ya kwana biyu bai fita daga ɗaki ba. Yana salla, yana shan ruwa, abinci kuwa sai ya taɓa ya ture. Sadiya na kawo masa tana kwashewa. Duk maganar da ta zo bakinta sai ta ji ta yi ƙanƙanta. Ta fara zargin kanta da kawo shi, ta ce da ta bar shi da kabarinsa na zuci, mai dutse da suna, da ya fi masa. Da ta faɗa wa Ussif haka, ya ce, "Hajiya, shi ya nemi ya sani. Ba ke kika yi abin ba."

Ranar da za a kai kwantenarta tashar jiragen ruwa ta Nansha, Maidaji ya fito da shirinsa, ya ce zai bi su. Ya ji an ce hanyar ta kudu ce. Suka bi tirelar a motar Ussif. Matar Malam Ma ta faɗi sunan gonar, amma direban bai taɓa jin sa ba, waɗanda aka tambaya a hanya ma haka. Ko'ina masana'antu ne da gadoji da fili da aka cike da yashi. Can kusa da tashar suka hangi wani ɗan yanki na rake da ya rage tsakanin katanga biyu, bayansa kwantenoni jibge kamar gidajen bene.

"Tsaya nan," in ji Maidaji.

Babu wanda ya san ko nan ne. Ya sauka, ya tambayi Ussif alƙibla, ya cire takalma ya tsaya a kan tsakuwa a gefen titi. Ussif ya tsaya a bayansa, Sadiya ta tsaya daga baya. Ya ɗaga hannu yana addu'a, manyan motoci na wucewa suna kaɗa masa riga, ba a jin abin da yake faɗa. Bai gama ba wani mai gadi ya fito daga ɗakinsa yana busa usur, yana nuna cewa ba a tsayawa a wurin. Ussif ya je ya tare shi da magana har tsohon ya shafa. Ya saka takalmansa, ya shiga mota, bai waiwaya ba.

An ƙi ƙara musu biza, kamar yadda aka ƙi wa kowa a watan. Suka bar Gwanju ana saura 'yan kwanaki a buɗe wasanni.

A Maraɗi mutane suka yi ta zuwa sannu da zuwa. Duk wanda ya tambaya ko an ga kabarin, Maidaji sai ya ce ba a gani ba, gari ya canza, ba ya ƙara komai a kai. Amma akwai wadda ba zai iya sallama da wannan ba, ƙanwarsu Balki, wadda ke bin Salihu, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu. Ta zo daga Tasawa ranar Juma'ar da aka buɗe wasannin. Jikoki sun cika falo suna kallon wuta da ganguna a talabijin, suna jiran a nuno tutar Nijar. Shi da Balki suka zauna a rumfa, Sadiya na zuba musu fura.

Ya gaya mata duka, bai rage ba, tun daga asibiti har gonar rake. Balki ta saurara, hannunta a kan ludayi, ba ta kai baki ba.

"Yaya," in ji ta daga ƙarshe, "wato ranar da muka soya waina muka raba ta sadakar arba'in ɗinsa, yana can da ransa."

"Yana can."

"Inna ta ba da rigunansa. Ta ce kada su ruɓe a akwati."

Balki ta gyara mayafinta, ta tambayi sunan matar da ta je roƙon gawar. Ya ce bai tambaya ba, uwar Malam Ma kawai ya sani. Ta ce to haka za ta riƙa faɗa a addu'a, Allah ya san wadda take nufi.

Maidaji bai sake zama a kan keke ba, sabon ma a kwalinsa ya tsufa. Idanun suka ƙarasa rufewa kafin wata damina, ya rayu shekara biyu bayan haka a gidan Sadiya, ya rasu da azumi. Ita kuwa ta ci gaba da zuwa Gwanju, don da shi take ciyar da gida. A zuwanta na farko bayan wasanni ta sayi zuma da dabino ta hau benen nan na Baiyun. Wasu mutane ta tarar a gidan, ma'aurata da jariri. Ta faɗi sunan Malam Ma, ta kwatanta kujerar gora da hannu. Matar ta kira mijinta, suka yi shawara, suka girgiza kai. Sadiya ta sauko da ledarta, ta tari tasi ta koma kasuwa.